Najeriya ta taɓa cin kofin ƙwallon hannu na mata na Afirka?

Malama, kin tambaya ko matan Najeriya sun taɓa ɗaukar wannan kofin. Ƙwarai kuwa, sau ɗaya, a Alƙahira a 1991, kuma wannan nasarar ce ta kai su gasar Olamfik ta Basilona a 1992. Raina yana ɓaci ganin yadda aka manta da matan nan.

Amma maganar gaskiya, gasar ta zama gonar Angola. Tun 1989 suke kwasa, a 2024 ma a Kinshasa suka doke Senegal a wasan ƙarshe, kofi na 16 ke nan. Ki kalli 'yar wasan Angola, Albertina Kassoma, in ta tsaya a bakin layin mita shida, mata biyu na rirriƙe ta amma sai ta juya ta jefa.