Gidan kakanmu na Hausare ya zama kango: a gyara ko a rushe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Garwa ce a Kamaru, ina aure a Duwala. Kakanmu ɗan kasuwa ne tun zamanin da jiragen ruwa ke hawowa kogin Binuwai su sauke kaya a Garwa. Ya bar mana gidan ƙasa a unguwar Hausare: zaure mai bakan gizo, shigifa, ɗakunan soro 6, da wani sashe na jan bulo da aka ƙara a zamanin Faransa. Tun rasuwar gwaggonmu ba mai kwana a ciki, ɗaki 2 sun rufta. Maigidana ya kusa ajiye aiki, muna so mu dawo mu zauna a ciki da yara. Yayyena maza sun ce a rushe a yi ɗakunan haya na bulo. Maginin da na kira kuma ya ce a shafe ko'ina da siminti a ɗora kwano, magana ta ƙare. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan magabata, ya cika miki burinki.

Kada ki bi ko ɗaya. Gidan da zaurensa ke tsaye, ɗakuna 4 na nan da rufinsu, gida ne mai gyaruwa. Amma shawarar maginin nan ta fi ta yayyenki haɗari, domin su rushewa za su yi ido na gani, shi kuwa zai karɓi kuɗinki ya ɓoye miki ciwon gidan a bayan siminti har ranar da bango zai kwanta.

Tsufa ba ya kashe ginin ƙasa, ruwa ke kashe shi, da rashin mai lura. Fadar sarkin Rai Buba da ke nan jihar Arewa tana tsaye tun farkon ƙarni na 19, da ƙasa aka gina ta, kuma damina ba ta taɓa tsallake ta ba. Tsohuwar fadar Kotoko da ke Gawi, kusa da Injamena a Cadi, har yau mutane na shiga, an mai da ita gidan tarihi. Abin da ya riƙe su shi ne hannun da ke komawa jikinsu a kai a kai. Gidanku ya rasa wannan hannun ne ranar da gwaggo ta rasu: indararo ya toshe da ganye ba wanda ya hau ya share, ruwa ya kwana a kan soro, ya jiƙa bakin azara, gara ta biyo danshi, ɗaki ya rufta. Kusan duk kangon da ake kira na in duba, labarinsa ke nan.

Kafin ki sayi ko buhun siminti ɗaya, ki fara da takarda. Gidan gado ne, yana da masu shi da yawa. A zauna da baffanni da gwaggwanni da 'ya'yansu, malami ya fitar da rabon kowa, a rubuta, a kai kotu ta tabbatar da magada. In za ki sayi kason wasu, a biya gaban shaidu a sa hannu. Na ga gidajen da aka kashe musu dukiya, sai da aka gama shafe aka sa ƙofofi sannan ɗan wani baffa ya taso daga Yola yana neman kasonsa a kan sabon farashi. Akwai kuma hujjar da ya kamata yayyenki su ji. A dokar filaye ta Kamaru, titir fonsiye, wato takardar mallakar fili, ita ce kaɗai shaidar mallaka a idon hukuma, kuma hanyar samun ta kai tsaye ta dogara ne a kan nuna cewa danginku suna zaune a wurin ko suna amfani da shi tun kafin 5 ga Agusta 1974. Kwamitin da suprefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ke jagoranta zai zo ya gani da ido. In gidan ba shi da wannan takarda, tsohon zauren nan shi ne babban shaidarku, kuma wanda ya sa masa katafila ya rushe shaidarsa da hannunsa. Ki kuma leƙa ofishin ma'aikatar al'adu na jihar Arewa da ke nan Garwa ki tambaya ko gidan yana cikin waɗanda aka yi wa rajista ƙarƙashin dokar kayan tarihi ta 18 ga Afrilu 2013. Gidajen talakawa da na 'yan kasuwa ba kasafai suke ciki ba, amma in yana ciki, ba a taɓa siffarsa sai da izini. Rushewa da sabon gini kuma kowanne yana son takardar magajin gari.

Ranar farko da za a shiga, kada yara su bi ku. Tsofaffin gidaje suna da rijiya da tsohon masai da aka rufe da itace aka bi da ƙasa, itacen ya ruɓe, ciyawa ta lulluɓe wurin. A tambayi tsofaffin maƙwabta inda suke. Kashin jemagu a yayyafa masa ruwa kafin a share, mai shara ya rufe hanci da baki, ƙurarsa tana kama huhu. Duk ɗakin da rufinsa ya yi ciki a tokare shi da itace kafin kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa.

Sai duban jikin ginin, kuma wurare biyu ne ke faɗin gaskiya: kan bango da gindinsa. A sama, a tsokani bakin kowace azara da kibiya ko babban ƙusa daidai inda ta shiga bango. In ƙarfen ya nutse, ta gama aiki. A ƙasa, ki dubi ko gindin bangon ya zaizaye ya yi kogo, ko yana fitar da farin gari kamar kanwa. Wannan danshi ne ke hawowa daga ƙasa yana ɗauke da gishiri. Yawanci dalilin yana waje: shekara da shekaru ana cike layi da ƙasa da ɓaraguzai har titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan unguwa ya koma yana kwana a gindin katanga. Wani lokaci kuma maƙwabci ne ya haƙa ramin ruwan wanka a jikin bangonku, ko cediya ta tsiro ta kafa saiwa a ciki. Itacen da ya shiga bango ba a fizge shi, a sare shi a bar saiwar ta mutu sannan a cire a hankali a cike gurbin.

Tsaga kuwa iri biyu ce. Akwai ta fatar yaɓe, wadda ba ta wuce kaurin ɗan yatsa zurfi ba, ba abin damuwa ba ce. Akwai wadda ta ratsa bango har ana hango haske, musamman a kusurwa, ko wadda ta fi faɗi a sama. Irin wannan a manna mata ɗan kwaɓin farar ƙasa a gicciye, a rubuta kwanan wata a gefe, a bar ta wata biyu ko uku. In mannin ya fashe, bangon yana tafiya, sai an gyara tushe ko an sauke shi an sake ɗorawa. In bai fashe ba, tsohon rauni ne da ya tsaya, a ɗinke shi da gajerun azara a gicciye a cike da ƙasa. A cikin garin Garwa ƙasa mai yashi da dutse ta fi yawa, tushe kan zauna lafiya. Gidajen da ke kusa da fadamar Binuwai, da na Marwa inda baƙar laka ta karal ke kumbura da damina ta dare da rani, su ne tsagarsu ke buɗewa tana rufewa duk shekara.

Yanzu ga maganar siminti, wadda ita ce zuciyar tambayarki. Ki dubi randa: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, shi ya sa na ciki ke sanyi. Bangon ƙasa ma haka yake, yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ba ya barin wannan fita. Danshin da ke hawowa daga ƙasa sai ya rasa hanya, ya taru a bayan shafen, ƙasar ta yi laushi. Ga shi kuma siminti da laka ba sa miƙewa da tsukewa tare in rana ta buga, don haka ba a daɗewa shafen ya rabu da bango, ya yi 'yan tsage, ruwan sama ya shiga ta nan ya kasa fita. Daga waje fes, a ciki bango yana narkewa, gara kuma ta sami rumfar da ba mai ganin ta. In akwai inda aka taɓa shafa siminti a gidan, ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Inda ya amsa kamar ganga, ya riga ya saki, a ɓamɓare shi. Sashen jan bulon ma kada a yi masa ganganci. A karce kwaɓin da ke tsakanin bulon, in fari ne mai laushi to na farar ƙasa ne, da irinsa za a cike, domin siminti ya fi tsohon bulo ƙarfi, bulon ne zai riƙa ɓarɓashewa a madadinsa. In rufin wannan sashe na tsohon falle ne mai kama da siminti, kada a yanka shi ko a fasa, da yawansu akwai asbestos a ciki, wani ma'adini mai kama da zare, ƙurarsa tana jawo ciwon daji na huhu. A jiƙa, a kwance ɗaya bayan ɗaya.

Abin da bangon ƙasa ke so shi ne ƙasa. Ta ɗakunan da suka rufta ita ce mafi dacewa, kada a bari a kwashe ta a zubar, sai dai ta gindi mai gishiri. A jiƙa ta, a tattake da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta ta ruɓa kwanaki kafin a taɓa. Inda gindi ya yi kogo a cike da tubali kaɗan kaɗan, taku ɗaya a nan, a tsallake, a dawo bayan ya bushe, don kada a rarake ƙasan bango gaba ɗaya. Daga nan yaɓe, sannan makuba ta ɓawon ɗorawa a sama. Laso, wato simintin gargajiya, ya fi ta daɗewa, sai dai katsin da ake haɗa shi da shi, wato dagwalon baba, daga marina yake fitowa, marina kuwa sun ragu. Madadin da na fi yarda da shi shi ne farar ƙasa ta ƙonannen dutse, irin wadda ake yi a Figil kan hanyar Marwa: awo 1 da yashi awo 3, a shafa siriri, a riƙa yayyafa ruwa kada hunturu ya busar da ita da gaggawa. Tana ƙona ido da fata, mai aiki ya kare kansa. Siminti yana da wurinsa: magudanar ruwa, ramin masai, da sabon banɗaki.

Rufi shi ne inda nake sassautawa. Soro na gaske yana son a hau shi kafin kowace damina da bayanta, kuma azarar giginya ta yi wuya, sarar itacen ma sai da izinin ma'aikatan gandun daji. A tsince duk azara mai lafiya daga ɓaraguzai, a ba zaure da shigifa, su a mai da su yadda suke da rawaninsu da indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2 ba tare da tokari ko baka ba, don haka kada magini ya ce zai cire ginshiƙi ko ya haɗe ɗaki biyu su zama falo. A ɗakunan kwana kuwa ba laifi a ɗora kwano a bisa soron, a bar sarari tsakaninsu iska ta riƙa wucewa, bakin kwanon ya zarce bango da rabin mita ko fiye. A ɗaure katakon da waya mai kauri har cikin bango, domin guguwar farkon damina a Garwa tana ɗauke rufin da aka aza kawai. Rufin kankare a kan bangon ƙasa kuwa, ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa.

Kada ki ji tsoron cewa za ki dawo daga Duwala ki zauna ba ruwa ba wuta. Gurbin ɗakunan nan biyu da suka faɗi shi ne wurin sabon banɗaki da madafa, a gina su da bulo a kan tushensu daban, a bar rata tsakaninsu da tsohon bango. Bututun ruwa ba ya shiga cikin bangon ƙasa ko kaɗan, yoyon da ba a gani ba ya isa ya kayar da ɗaki. Wayar lantarki ta bi cikin bututun roba a kan fuskar bango. Taga ana iya ƙarawa, amma siririya mai tsawo, nesa da kusurwa da kamar mita 1, da azara a kanta. Ƙasan ɗaki a yi daɓe ko a jera jan bulo a kan yashi, domin tayil da aka manne har jikin bango yana kora danshin ƙasa zuwa cikin bangon. Ladan wannan haƙuri za ki same shi a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40: bango mai kaurin rabin mita yana riƙe zafin rana sa'o'i da yawa kafin ya kai ciki, abin da bulo mai santimita 15 a ƙarƙashin kwano ba zai taɓa yi ba.

A fara aiki da ɗaukewar ruwa, wajen Nuwamba, a gama duk abin da ya shafi rufi kafin Mayu. In damina ta riske ku kafin kuɗi su taru, a lulluɓe kan bangaye da tamfol, a buɗe indararo, a haƙa wa ruwan tsakar gida hanyar fita. Maginin ƙasa na gaske ki neme shi ta hannun mai unguwa da dattawan masallaci, galibi tsoho ne da ya daina hawa sama, a haɗa shi da samari yana nuna musu, a biya shi kuɗin sani ba na leburanci ba. Ki ɗauki hoton kowane bango da kowane zane kafin a taɓa shi.

Ba sai an gama duka za a shiga ba. Da zarar ɗaki ɗaya da banɗaki sun kammala, wani na jiki ya tare, ya riƙa buɗe ƙofofi da safe yana hawa soro bayan kowane babban ruwa. Yayyenki kuma bukatarsu ta kuɗin haya halal ce, kada ki raina ta. In filin yana da baya ko gefe da ke kallon wani layi, a yanka musu can su yi ɗakunansu da ƙofarsu daban, da sharaɗi rubutacce cewa ruwan rufinsu da ramin masansu ba za su kusanci tsohuwar katanga ba.