Wane Tsohon Inji Ya Dace da Ƙaramin Babur?

Tambaya: Ina haɗa ƙaramin babur da hannuna, kuma na samu tsofaffin injuna biyu, Tecumseh HS40 da wani Briggs & Stratton na yankan ciyawa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Malam, kafin ka dubi sunan kamfani, dubi sandar da ke fitar da ƙarfin injin. Babur yana buƙatar wadda ke kwance ta gefe, domin a kanta ake ɗaura kuloci da sarƙa. Ta injin yankan ciyawa kuwa galibi ƙasa take kallo, kuma idan ka kwantar da shi, baƙin mai ba zai zagaya yadda ya kamata ba.

Saboda haka ɗauki HS40, mai ƙarfin doki 4, domin sandarsa a kwance take ta gefe, amma ka sani kamfanin Tecumseh ya daina ƙera injuna tun 2008, don haka kayan gyaransa sai an tona. Ka ja igiyar tayarwa ka ji ko tana turjewa, domin wadda ke zuwa salin-alin alama ce ta ringi ko bawul da suka gaji. Ka auna kaurin sandar kafin ka sayi kuloci, sannan kada ka cire na'urar da ke tsare juyin injin a wajen 3,600 a minti, domin tsohon ƙarfe yana iya tarwatsewa.