Naman dabbar da aka wahalar

Tambaya: Malam, na ga ana cusa shanu a tirela zuwa Legas, ba ruwa ba ciyawa, wadda ta faɗi a tattake ta. Tun daga nan nama ya fita raina. In daina ci ne? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Baiwar Allah, naman halal ne muddin an yanka dabbar da ranta, da sunan Allah. Alhakin wahalarwar yana kan wanda ya yi. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce a wasa wuƙa, a hutar da abin yanka. Ni mahauci ɗaya na riƙe, don na san inda yake yanka. Tambayi naki: da ƙafarta saniyar ta shiga mayanka, ko jan ta aka yi? In ya hau faɗa, sauya shi. Ranar da ba ki natsu ba, ki dafa wake ko kifi.