Amsa kan tura sojoji kama baƙin haure a Amurka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko shugaban Amurka yana da ikon sa sojoji su riƙa kama baƙin haure a cikin gari. A bisa asalin doka, ba shi da shi. Dokar Posse Comitatus ta 1878 ta hana a sa sojojin tarayya aikin 'yan sanda, sai dai in kundin tsarin mulki ko majalisa ta ba da izini a fili. Kama baƙi da korarsu aikin hukumar shige da fice da kwastan ta Amurka ne, wato ICE, wadda aka kafa a 2003.

Amma akwai kafa. Dokar murƙushe tawaye ta 1807 ta ba shugaba damar tura soja idan an gagara aiwatar da dokar tarayya. Da ita Shugaba Eisenhower ya tura sojoji birnin Little Rock na jihar Arkansas a 1957 don yara baƙar fata su shiga makaranta, kuma Bush babba ya yi amfani da ita a tarzomar Los Angeles ta 1992, bayan gwamna ya roƙa. Dakarun jiha kuwa, wato National Guard da kowace jiha take da su, muddin suna hannun gwamna, dokar 1878 ba ta shafe su ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, dokar 1807 ta bar wa shugaba shi kaɗai ya yanke ko lamari ya kai tawaye. An horar da soja ne don fagen fama. Idan aka tsayar da shi a ƙofar gidan mai iyali yana neman takardu, ƙaramin kuskure yana iya cin rai.