Amsa ga Injiniya kan tsohon jirgin faiba, Contessa 32

Assalamu alaikum. Injiniya, na karanta tambayarka game da jirgin ruwa mai tafiya da iska, ƙirar Contessa 32 na shekarun 1970, wanda kai da abokan aikinka kuke son haɗa kuɗi ku saya a Ingila, amma bororon da kuka gani a jikinsa ta waje ya sa jikinku ya yi sanyi. Ko da yake yanzu ina Samaru, inda babban ruwanmu shi ne dam ɗin Kubanni, na taɓa mallakar kaso a irin wannan jirgin lokacin da nake karatu a can, kuma na sha wuyarsa.

Ƙirar ba ta da abin kushewa. David Sadler ne ya zana shi, Jeremy Rogers ya riƙa ƙera shi a garin Lymington. Tsawonsa ƙafa 32 ne, faɗinsa ƙafa 9 da rabi kacal, kuma cikin nauyinsa na kimanin kilo 4,300, kusan rabi dalma ce da aka rufe a ƙarƙashin cikinsa. Shi ya sa idan iska ta taso yakan kwanta gefe ɗaya da wuri, sannan ya cije a nan, ya ci gaba da yanka ruwa ko da iskar daga gaba take zuwa. A gasar tseren jirage a teku ta Fastnet ta 1979, wadda jirage 303 suka shiga, guguwa ta yi sanadin mutuwar 15 daga cikin masu gasar, jirgi ɗaya ne kawai ya kammala a rukunin mafi ƙanana, sunansa Assent, kuma wannan ƙirar ce. Sai dai ka shirya jiƙewa, domin gefensa ba shi da tsayi, taguwar ruwa takan wanke duk wanda yake riƙe da tuƙi.

Bororon kuwa, ruwa ne yake ratsa fatar waje ta faibar da aka ƙera jirgin da ita a hankali, ya haɗu da ragowar sinadarin da bai gama daskarewa ba, ya kumbura. In ka huda ɗaya za ka ji warin tsami. Jiragen wancan zamani jikinsu yana da kauri, don haka yawanci magani shi ne a kankare, a bari ya bushe sarai, a shafe da gam mai hana ruwa shiga. Kuɗi ne da lokaci, ku sa a rage muku farashi saboda shi.

Abin da ya kusa halaka mu ba bororo ba ne. Dillalin da ya sayar mana da namu ya kawo takardar bincike mai hatimi, ya rantse cewa an sabunta komai, alhali fenti kawai aka sha wa jirgin, kamar gidan ƙasa da aka yi wa yaɓe a kan tsaga ana gab da damina. Wata rana da yamma muna mashigin teku na Solent a kudancin Ingila, iska da igiyar ruwa suna karo da juna, sai wanda ya sauka ciki ya ƙwala ihu cewa ruwa ya kai masa idon sawu. Bawul ɗin da ke ƙarƙashin makewayi ne, wato famfon da ke buɗewa da rufe hanyar ruwan teku, ya karye daga gindinsa. Na tsugunna cikin ruwan da sanyinsa ya kashe mini yatsu, ina lalube a duhu, jirgin yana jifa da ni, wani yana kwasa da bokiti, wani yana ta salati, har Allah ya sa hannuna ya faɗa kan ramin na buga masa toshiyar katako. Da gari ya waye muka duba ƙarfen, tagullar ta koma ja-ja, tana marmashewa a hannu, domin gishirin teku ya daɗe da cinye ta. Da muka koma wurin mutumin nan, ko kunya bai ji ba, ya ce ai tsohon jirgi muka saya. Har yau in na tuna fuskarsa raina yakan ɓaci, domin da rayukanmu ya yi wasa, ba da kuɗinmu kaɗai ba.

Don Allah, Injiniya, ku ɗauki mai bincike na kanku, ku biya shi da kuɗinku, a fitar da jirgin kan tudu a gabanku. A kankara kowane bawul a ga launinsa, a ɗaure toshiyar katako kusa da kowanne. Ku tambayi shekarun wayoyin da ke riƙe da dogon turken tsakiya, domin in sun wuce goma yawanci sabuntawa ake yi, kuma ku nemi rasit, kada ku karɓi rantsuwa. Injin ma a tayar da shi da sanyinsa kuna tsaye.

Tunda ka ce iyali za su riƙa binku, ka shiga da su cikinsa kafin a yi ciniki. Ɗakin a matse yake, dogon mutum sai ya sunkuya. Idan yawon bakin gaɓa kawai kuke so, ku duba Westerly Centaur mai ƙafa 26, wanda aka ƙera sama da 2,400, ya fi sakewa a ciki gwargwadon girmansa kuma ya fi araha, ko da yake ba zai kamo Contessa ba in ana fuskantar iska.