Tambaya da Amsa: Ɗan kabu-kabu da ciwon kwankwaso

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi, shekaruna 34. Tun safe har bayan isha'i ina kan babur, tsakanin babbar kasuwa da unguwar Zariya, wani lokaci har Tibiri. Wata biyu ke nan kwankwaso na damuna, in na sauka sai na dafa gwiwa kafin in miƙe. Yayana ya ce in bar ƙwallon da nake bugawa ran Lahadi, wai gudu na cinye ƙashin baya, in riƙa kwanciya. Abokan aiki kuma sun ce in sha tramol. Wace shawara zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sawwaƙe. Kada ka bi ko ɗaya. Yayanka alheri yake nufi, amma ya kama marar laifi. Yadda ka bayyana abin, na fi zargin sirdin babur da zaman wuni, ba ƙwallon Lahadi ba.

Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ne. Ƙasusuwa ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a kwankwaso, sauran na ƙasa kuma sun manne da juna a jikin babba. Laka na bi ta ramin da ke cikinsu. A tsakaninsu akwai faifan guringuntsi guda 23, su ke shanye jijjiga. To ga inda maganar take: jini ba ya shiga tsakiyar faifan nan a jikin babba. Kamar soso suke, a matsa su fitar da ruwa, a saki su tsotso sabo, da haka suke samun abinci. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da asuba, da kamar santimita ɗaya, a kan yadda yake da dare. Kai kuwa ka danne su wuri guda, a duƙe, ga gargada da ramuka na dukansu daga ƙasa. Ka gaji tilis, amma bayanka bai motsa ba.

Batun gudu na cinye ƙashi kuwa, akasin haka ne. Ƙashi abu ne mai rai, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo, kuma inda nauyi ke sauka can yake ƙara ƙarfi. Wani likitan Jamus, Julius Wolff, ya rubuta wannan tun 1892. Ƴan sama jannati, da ba su da nauyi a can sama, sukan yi asarar kamar kashi 1 cikin 100 na ƙwarin ƙashin ƙugu a wata guda. Ƙashi na kai ƙarshen ƙwarinsa wajen shekara 30, ka ga kai yanzu lokacin tattali ne. Doguwar kwanciya na raunana tsokar da ke riƙe da bayan, ciwon ya ƙara daɗewa.

Saboda haka, duk lokacin da ka sauke fasinja babu wani a ƙasa, sauka kai ma. Ka tsaya, ka dafa ƙugu, ka ɗan gantsare a hankali, ka yi ƴan taku. Jiran fasinja a kan babur a bar shi. Masallaci ka je da ƙafa. Da safe ka kwanta rigingine, ka lanƙwashe gwiwa, ka ɗaga ɗuwawu sama sau goma. In za ka ɗora buhun gero, durƙusa da gwiwa, buhun na jikinka, kada ka murɗa baya da kaya a hannu. Ƙwallo ka fara da sassarfa, ka koma fili in ciwon ya lafa. Nono a fura da zogale a dambu suna ba ƙashi kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa shi, kuma ba su gagari aljihunka ba.

Tramol kam, ina roƙonka. Ba ya gyara komai, rufe ciwon yake yi ka ci gaba da dukan bayan, ga jaraba ta kama ka, ga farfaɗiya in an yawaita, kai kuma da ran mutane a bayanka.

Wata biyu ya isa a duba ka, ka je asibiti cikin makon nan. In kuwa ƙafa ta fara sanyi tana jan ƙasa, ko tsakanin cinyoyi ya dena ji, ko fitsari da bayan gida sun ƙi riƙuwa, a ranar za ka tafi, wani ya tuƙa ka. In akwai zazzaɓi, gumin dare da rama, ka faɗa wa likitan, domin tarin fuka ma yakan kama ƙashin baya.