Tambayoyinku kan fasaha: Mu sayi sabuwar kwamfuta ko mu koma kilawud?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina riƙe da wata makarantar kuɗi a Zariya. Sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta duk suna cikin kwamfuta ɗaya a ofishin akawu. Kwanaki aka kawo wuta da ƙarfi, saura ƙiris ta ƙone. Wani yaronmu ya ce mu koma kilawud. Mene ne shi, kuma zai yi mana?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kiyaye gaba. Sunan ne ke ruɗa mutane. Kalmar Turanci ce, ma'anarta gajimare, sai mutum ya ɗauka bayanansa na shawagi a sararin sama. Ina! Kwamfutoci ne dubbai, jere cikin manyan gine-gine masu na'urar sanyaya ɗaki da janareto da masu gadi, mallakar wani kamfani, kai kuma kana haya ta intanet. Kamar ɗan kasuwar da ya kama sito a Dawanau ne: rufin da gadin na mai sito, buhunan naka.

Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa gadan-gadan a 2006, Microsoft ya biyo da Azure a 2010. Manyan rumbunansu mafi kusa da mu a nahiyar nan suna Afirka ta Kudu: Microsoft ya buɗe a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. A gida akwai irin su Rack Centre a Legas da Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya.

Hayar iri-iri ce. Akwai mai karɓar kwamfuta wayam ya zuba manhajojinsa da kansa, wannan sai banki ko kamfanin da ke da ƙwararru a hannu. Ku ba ruwanku da ita. Abin da ya dace da ku shi ne manhaja gamammiya, irin Google Workspace ko Microsoft 365, ku shiga kawai ku hau aiki. Dukkansu suna da tsarin kyauta ga makarantun da suka cika sharuɗɗa, don haka ku nema kafin ku biya ko sisi.

Amma inda nake so ka kasa kunne shi ne maganar makulli. Abin da na fi gani yana kashe hukumomi ba wuta ba ce. Akawu ne zai buɗe asusu da adireshin Gmail ɗinsa da lambar wayarsa, a rubuta kalmar sirri a takarda a liƙa jikin bango, kowa ya shiga. Ranar da aka saɓa da shi ya ajiye aiki, ya tafi da sakamakon shekara biyar a aljihu, ana bin sa gida ana ba shi haƙuri. A buɗe asusun da sunan makaranta, ragamar ta zauna a hannunka da wani amintacce guda. Kowane malami a ba shi nasa, ya ga ajinsa kaɗai. A kunna tantancewa mai mataki biyu, wato lambar da ke zuwa waya bayan kalmar sirri. Wanda ya bar aiki, a rufe nasa a ranar.

Tambaya: Muna da kemis rassa uku a Kano. In intanet ya ɗauke fa, ciniki ya tsaya ke nan?

Amsa: Hajiya, tsoronki na kan hanya. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun tsinke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanoni a Najeriya da Gana suka ji a jikinsu kwanaki. Kafin ki biya kuɗin kowace manhaja, ki sa a kashe data a gabanki, a sayar da katin farasitamol guda, ki ga ko za ta rubuta ta tura daga baya. Ki ajiye layi biyu na kamfanoni daban-daban, kuma duk Juma'a a sauke kwafin lissafi a hadis ɗin waje, wato na'urar adana bayanai da ake jonawa a kwamfuta, a kai gida.

Ki kuma tambayi kuɗin da ake biya, naira ko dala. Waɗanda ke biyan dala sun ga hayarsu ta ninka fiye da sau biyu bayan an saki naira a Yunin 2023, alhali ba su ƙara komai ba.

Tambaya: In bayanan marasa lafiyarmu suka fita, laifin wa, mu ko kamfanin kilawud ɗin?

Amsa: Likita, ku za a fara tambaya. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora nauyi a kan wanda ya karɓi bayanan mutane, kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Ku sa kamfanin ya rubuta muku a yarjejeniya ƙasar da zai ajiye su, da yadda za ku kwashe kayanku in kun tashi rabuwa.